LITTAFI MA DA TSAGARSA

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda na san wasu za su ce ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Maganar kuwa ita ce ta 'yan rubuce-rubucen nan da ake samu a bangon littafi, da gefen shafi, da shafin ƙarshe, watau sunan mai littafi, da sunan wanda ya rubuta shi da hannu, da ranar da ya gama, da 'yar zayyanar da ya yi don ƙawa. Ni a ganina waɗannan su ne tsagar littafi. A da, in ka dubi fuskar mutum za ka san Bagobiri ne ko Babarbare tun bai buɗe baki ba. To, haka in ka dubi waɗannan alamu za ka san inda littafi ya fito da hannayen da ya bi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne muna kankare wannan tsaga da hannunmu, alhali ba mu ma san ɓarna muke yi ba.

Kwanakin baya wani dattijon malami ya rasu a layinmu a Ɗorayi, Allah ya ji ƙansa. Bayan sadakar arba'in sai magada suka ga ya kamata a share ɗakin karatunsa a sa 'yan haya, tun da unguwar ta cika da ɗalibai masu neman wurin kwana. Aka fito da adakoki, aka kasa abin da ke ciki kashi uku. Littattafan ɗab'in Masar da Bairut, masu bango mai ruwan zinariya, aka raba su tsakanin 'ya'ya. Tsofaffin jaridu da wasiƙu da littattafan boko, aka kira ɗan jari-bola ya auna su a sikeli, ya ɗora a kura, ya nufi wajen masana'antun Sharaɗa da su. Saura kashi na uku, watau rubutun hannu, warƙoƙi barkatai waɗanda tadarishinsu ya ruɓe, igiyarsu ta tsinke. Nan ne wani dillali ya zo ya tsuguna, ya yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya, bai karanta ko layi guda ba. Duk warƙar da ya ga tana da zayyana mai ja da rawaya sai ya zare ta ya ajiye gefe. Ya biya, ya naɗe abinsa, ya kama gabansa. Sauran kuwa, don gudun kada a tattaka sunan Allah, aka haƙa rami a bayan gida aka ƙone su.

Ni ma ban tsira daga laifin ba. Kafin a ƙyasta ashana na roƙi falle ɗaya, aka ba ni. Shafin ƙarshe ne na wani littafin fiƙihu. Marubucin ya ce ya gama ranar Alhamis bayan la'asar, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. A ƙarƙashin wannan akwai hannu uku dabam-dabam, kowanne da irin tawadarsa: na farko ya ce littafin ya shiga hannunsa ta hanyar saye, na biyu ya ce ta gado, na uku ya ce malaminsa ne ya ba shi kyauta. Ga mutum huɗu a tafin hannuna, amma littafin da ya haɗa su ya zama toka. Me suka karanta a ciki? Wace mas'ala ce ta ba su wuya har suka yi mata bayani a gefe? Ba mai sani kuma har abada. Na ajiye tsaga, fuskar ta tafi.

Ba dillalin Ɗorayi ne ya fara wannan ɗabi'a ta zare abin ado a bar littafi ba. Tana da dogon tarihi a Turai, kuma ya kamata mu san shi, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Jim kaɗan bayan an fara ɗab'i a Jamus, masu littattafai suka ɓullo da wata 'yar takarda da akan buga da zane a kanta, a manna ta a cikin bango don a san mai shi. Sau da yawa takan ɗauki kalmomin Latin biyu, ex libris, ma'ana "daga cikin littattafan wane". Ɗaya daga cikin mafi tsufa da aka sani ita ce ta Hildebrand Brandenburg, wajen shekarar 1480, wadda aka manna a littattafan da ya bayar kyauta ga wani gidan ibada a Buxheim. Albrecht Dürer, shahararren mai zanen nan da ya mutu a 1528, ya zana wa abokinsa Willibald Pirckheimer tasa. Har nan ba laifi, tambarin mallaka ne, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa saniyarsa. Amma a ƙarshen ƙarni na 19 sai abin ya zama yayi. Aka kafa ƙungiyar masu tara waɗannan takardu a Landan a 1891. Sir Augustus Franks shi kaɗai, da ya mutu a 1897, ya bar wa gidan adana kayan tarihi na Birtaniya sama da dubu talatin. Daga ina irin waɗannan masu tarawa suka same su? Da yawa daga jikin littattafai aka ɓamɓaro su. A jiƙa bango da ruwa, a ɗaye takardar, a manna ta a kundi, littafin kuwa ya shiga duniya ba uwa ba uba. Tun kafin su ma an yi John Bagford na Landan, wanda ya mutu a 1716. Ya tara dubban shafukan farko na littattafai wai zai rubuta tarihin ɗab'i, bai kuwa kammala ba. Har yau ana tunawa da shi a matsayin mai yayyaga littattafai, ko da yake akwai masu kare shi da cewa yawanci tarkace ya tsinta.

Akwai kuma wani abu mai kama da wannan a wajen masu buga hoto da farantin tagulla. Mai zane yakan shafe farantin da wani irin kaki, ya yi zanensa da tsinken ƙarfe, ya tsoma shi cikin asid ya ci wuraren da aka karce, sa'an nan a sa tawada a danna a takarda. Kafin ya shiga aikin sosai yakan gwada kaifin tsinkensa a gefen farantin, ya zana ɗan kan tsuntsu ko ganye. Faransawa suna kiran wannan ɗan zane remarque. Bisa al'ada akan goge shi kafin a yi bugu mai yawa, saboda haka hoton da ya fito da shi shaida ce cewa yana cikin na farko-farko. Da 'yan kasuwa suka gane masu kuɗi na son haka, sai suka riƙa sa masu zane suna yin sa da gangan don a ƙara farashi. Abin da ya fara a matsayin sawun mai aiki ya koma tarkon mai saye, har James Whistler, Ba'amurken mai zane da ke zaune a Landan, ya fito fili ya yi tir da al'adar a 1886.

Darasin a bayyane yake. Muddin alama tana jikin abin da aka yi ta dominsa, shaida ce. Ranar da aka sa mata farashi ita kaɗai, sai a fara ɓamɓare ta, in ta yi wuyar samu kuma a fara ƙirƙira ta.

Wani zai ce, to ina ruwan Bahaushe da wasan attajiran Turai? Da ruwansa ƙwarai, domin mu ma muna da namu, kuma namu ya fi nasu magana. Nasu takarda ce da aka buga ɗari-ɗari aka manna. Namu kuwa hannun mutumin ne da kansa a jikin warƙar.

Ku ɗauki kowane tsohon littafi na zaure ku duba. A ƙarshensa marubuci kan faɗi cewa littafi ya cika, ya ambaci sunansa, wani lokaci da garinsu, da wanda ya rubuta wa. A bango ko shafin farko mai shi kan rubuta cewa wannan mallakin wane ne ɗan wane, ko kuwa waƙafi ne ga masallaci kaza, ba a sayarwa, ba a gada. Tsakanin layuka da gefen shafi almajiri kan rubuta fassarar kalma mai wuya da ajami, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, kamar yadda ya ji daga bakin malaminsa. Ga ɗalibin harshe, wannan ma'adini ne, domin nan ne za ka ga yadda ake faɗin kalma shekaru ɗari ko ɗari biyu da suka wuce, da karin harshen garin da aka yi karatun. A Alƙur'ani rubutun hannu kuwa, ku dubi zayyanar da ake yi a gefe wajen izifi da nusufi da rubu'i da sumuni da sajada. Kowane marubuci da irin tasa, har wanda ya saba yakan gane hannun Kano daga na Barno ta wurin su. Ita kanta takardar tana da shaida. In ka ɗaga tsohuwar warƙa ga hasken rana sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta, alamar takardar da aka yi a arewacin Italiya, irin ta gidan Galvani, wadda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita.

Mu ɗaliban Hausa ma bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba. Ashe ba a aji aka koya mana cewa rubutacciyar waƙa tana rufewa da sunan mawaƙi, da adadin baitoci, da ramzin shekarar da aka yi ta ba? Da irin wannan ramzi ne aka san shekarun da yawa daga waƙoƙin Nana Asma'u. To, littattafanmu na da ba ɗinke su ake yi ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi da gafaka. Warƙar farko da ta ƙarshe su ne suka fi shan hannu da laima da gara, su ne kuma ke ɗauke da suna da shekara. In sun salwanta, waƙa ta zama marainiya, kowa ya jingina ta ga wanda ya ga dama.

In kuna son ku ga tsadar rashin suna, ku dubi Tarihin Kano, littafin nan da ya jero sarakuna tun daga Bagauda. H. R. Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1908, aka kuma sa shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a Zariya a farkon shekarun 1930. Ba littafin da ya fi shi muhimmanci ga tarihin wannan birni, amma ba ya ɗauke da sunan mawallafi. Saboda haka masana suka yi ta kai ruwa rana. Murray Last a 1980 ya kawo nasa ra'ayi, M. G. Smith ma ya kawo nasa, John Hunwick ya sake tayar da zancen a 1994. Layi biyu a shafin ƙarshe da sun kashe wannan gardama.

Ku kwatanta da inda aka bar shaida a wurinta. A Timbuktu, cikin ƙarni na 16, an kwafi babban ƙamus ɗin Larabci na Ibn Sida mai suna al-Muhkam. Hunwick ya nazarci bayanan da ke ƙarshen juzu'ansa, ya samu sunayen masu kwafa, da wanda ya sa wasula, da zinariyar da aka biya ladan aikin. Daga 'yan layukan nan aka gane cewa kwafar littafi sana'a ce mai tsari a wannan birni, mai rabon aiki da farashi.

Ga kuma misalin da ya fi kusa da mu, ya kuma fi ciwo. Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano, ya rasu a 1962 ya bar taskar takardu sama da dubu uku. Yau tana laburaren Jami'ar Northwestern a Amurka. Har an yi digirin digirgir a kanta a 1978, inda Abdullahi Mohammed ya nuna irin karatun da malamin Kano na wancan zamani ke yi. Mun iya kukan cewa Turawa sun kwashe mana kaya, kuma kukan yana da dalili. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya komai ɗacinta: abin da ya sa taskar Falke ke da daraja shi ne an bar ta a haɗe, ba a zare mai ado an ƙone saura ba. Taskoki nawa irin tata aka yi a Madabo da Salga da Gwale da Ɗorayi? Ina suke yau? Ba jirgin sama ne ya ɗauke mafi yawansu ba.

Ɓarnar ba ta tsaya ga rubutun hannu ba. Tun wajen shekarun 1950, maɗaba'u a Kano da Zariya suka riƙa ɗaukar hoton abin da marubuci ya rubuta da alƙalami suna buga shi dubbai, ana sayarwa a Kasuwar Kurmi da ƙofofin masallatai. Ta haka hannun marigayi Sharu Bala Gabari ya shiga makarantun allo da ba su ƙirguwa. Waɗannan 'yan littattafai masu araha sukan faɗi wanda ya rubuta da wanda ya ɗauki nauyin bugawa, irin su Alhaji Abdullahi Yassar. Nan ne tarihin ɗab'in Kano yake kwance. Amma yau sau nawa za ka sayi sabon bugu ka tarar an rufe sunan marubucin an ɗauki hoto, ko an yar da shafin ƙarshe don a rage kuɗin takarda? Mutum ya yi wata da watanni a durƙushe yana rubutu, abin da ya nema kawai a tuna da shi a addu'a, wani ya zo ya shafe shi saboda rabin falle. Wannan in ba cin amana ba ne, mene ne?

Kada mu ɗalibai mu yi saurin nuna yatsa. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin littafi a ɗakin aboki an yage shafin da ke da hatimin laburare ba? Wane ne bai san wanda ya ari littafi ya murje sunan mai shi da biro ya rubuta nasa a kai ba? Da mai yin haka da dillalin da na ba ku labari, duk kanwar ja ce.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ana fama da kuɗin makaranta da na abinci, kai kana zancen gefen shafi. Amsata ita ce, abin da nake nema ba ya cin ko kwabo. Barin warƙa a inda take ba ya bukatar kasafin kuɗi. Za a ce malaman da da yawa sun ɓoye sunansu da gangan don gudun riya. Haka ne, kuma wanda ya ɓoye mun girmama niyyarsa. Amma wanda ya rubuta nasa fa, wa ya ba mu izinin gogewa? Ilmin da muka gada ilmi ne na silsila, wane daga wane, shi ya sa ake ba da ijaza. Sunayen da ke bangon littafi silsilar wannan kwafi ce. Za a kuma ce ai yanzu ana ɗaukar hoton komai a sa a kwamfuta. Madalla da wannan aiki, ya ceci abubuwa da yawa. Sai dai mai ɗaukar hoto abin da ya tarar shi zai ɗauka. In dillali ya riga shi zuwa, hoton littafi mai yankakken kai zai adana. Bugu da ƙari, hoto na yau da kullum ba ya nuna jinjirin watan da ke cikin takarda.

To, ina mafita? Ban ce kada a tara ba. Sha'awar tarawa abu ne mai kyau, ita ce ta cika Gidan Arewa a Kaduna tun kafa shi a 1970, da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin da nake cewa shi ne mu tara shaida, mu bar wa littafi jikinsa.

Ina kira ga wannan ƙungiya tamu ta buɗe kundi. Mu fara da Ɗorayi, tun da nan da yawanmu ke kwana. Mu je wa malaman zaure da ladabi, mu durƙusa mu gaishe su, mu nemi izini. Duk littafin da aka yarda mu gani, mu ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe da wayar da ke aljihunmu, mu rubuta sunan littafi, da marubuci, da duk waɗanda suka mallake shi, da shekara in akwai, da irin takardar, sa'an nan mu mayar wa mai shi abinsa yadda muka same shi. Malamanmu kuma, Allah ya ƙara muku haƙuri, ku karɓi irin wannan a matsayin kundin kammala digiri. Ya fi a ce ɗalibi na ashirin ya sake rubuta jigo da salo a littafin da sha tara suka riga suka tatse.

Ga magada, roƙona shi ne kada a raba littafi ɗaya warƙa-warƙa. A yi masa kuɗi a haɗe, ɗaya ya ɗauka ya biya saura, ko a yarda a mai da shi waƙafi. Kafin a haƙa ramin ƙonawa a kira wanda ya iya karantawa ya duba. Ga masu maɗaba'a, ku bar sunan marubuci inda ya sa shi, ku ƙara naku a ƙasa, wuri bai ƙare ba. Ga mai saye kuma, in an kawo maka warƙa ɗaya mai zayyana, ka tambayi ina 'yan'uwanta. Ranar da aka daina saye, ranar za a daina zarewa.

Daga ƙarshe, kowannenmu ya koma ɗakinsa yau ya buɗe littattafansa. Ya rubuta sunansa, da garinsu, da inda ya saya, da shekara. In na hannu ne, kada ya goge sunan wanda ya riga shi, ya rubuta nasa a ƙarƙashi kamar yadda mutum ukun nan suka yi. Masu basirar zane a cikinmu su zana mana tambarin mallaka irin namu, da dagi da zayyanar allo, ba sai mun aro garkuwa da zakin Turawa ba.

Fallen nan yana nan cikin jakata. Na yi niyyar shi ne zai zama abu na farko da za a rubuta a kundin ƙungiya in an buɗe, tare da bayanin yadda aka yi ya rabu da littafinsa, don na baya su san abin da ya faru a layinmu muna tsaye muna kallo. Marubucinsa addu'a ya roƙa. Allah ya ji ƙansa, da shi da mutum ukun da suka biyo bayansa, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana.